Guɗar da Ta Goce Mini Muƙamuƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai yayata Hadiza gidan miji ba, ko da na so in manta. A unguwar Bromakoté ta Abijan aka haife mu, Faransancinmu ya fi Hausarmu ƙwari. Dangin ango kuwa mutanen Maradi ne mazauna unguwar Treichville. Muna shiga gidan na ji wata gwaggon ango tana cewa, "'Yan Abijan ai ko guɗa ba su iya ba."

Maganar ta ci mini rai. (Ni da ban taɓa gwada guɗa ba sai a banɗaki.) Na kutsa tsakiyar mata, na toshe hanci, na wangame baki iya ƙarfina. Sai na ji ƙas! a gindin kunne. Guɗa ba ta fito ba, baki kuma ya ƙi rufuwa.

Na tura haɓata da hannu, ko gezau. Haƙoran ƙasa sun yo gaba, miyau yana zuba a kan sabon leshina. Na so in ce, "Inna, ki cece ni," abin da ya fito "aaa" ne kawai. Mata suka zuba mini ido suna jiran guɗa, mai bidiyo ya matso da kyamara.

"Iskoki ne, a kawo hayaƙi!" in ji wata tsohuwa.

"Ku matsa, mari ɗaya zai mayar da shi," in ji gwaggon nan, tana gyara ɗamara.

Allah Ya taimake ni Inna ta fizge ni waje, ta lulluɓe mini fuska da mayafi, ta tare taksi. Duk hanya tambayar kaina nake. Shi ke nan haka zan ƙare? Da me zan ci abinci? Wa zai auri mai baki a hangame? Direba sai leƙena yake ta madubi yana cewa, "Yako, ma sœur," wato sannu, alhali kafaɗunsa rawa suke don dariya.

A asibiti likita ya ce ƙashin muƙamuƙin ƙasa ne ya goce daga mazauninsa. Ya naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya danna haƙorana na ciki ƙasa, ƙashin ya koma. Ya ɗaure mini kai kamar mai hangum, ya hana ni taunar komai. Ana rabon naman biki, ni ina kurɓar koko.

Kaset ɗin bikin har Maradi ya je, an ce ana maimaita wurin da bakina ya ƙi rufuwa.

Na dai koyi darasi: in an tsokane ni a taro, murmushi kawai nake yi, shi ma ɗan kaɗan, hannuna tallafe da haɓa.