Riguna Biyar na Mushe Sha'ibu

Illela ta yi babbar sa'a a 1988, shekarar da Mushe Sha'ibu (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan boko), magatakardan buro, wato ofishin noma, ya dawo daga karatu mai zurfi na mako uku a Beljik. Kafin nan mutanen garin da fatar jikinsu suke jin sanyi, cikin jahilci. Shi da ma'aunin zafi da sanyi ya dawo, ya rataye shi a ƙofar gida. Nan take aka naɗa shi Sarkin Ɗari, wato sarkin sanyi, ya kuwa amsa, don ya zaci yabo ne.

Ilimin nan kaf a kan ɗiyarsa Uwani ya sauka, 'yar shekara shida. Kullum da safe kafin ta fita wasa sai ya shirya ta da hannunsa: shimi, riga, wata rigar, rigar ulu, sannan kwat ɗin da ya sayo can. Uwani ta fito hannuwa a bubbuɗe kamar mutum-mutumin gona. Doka ita ce a cire ɗaya idan ma'auni ya hau. To amma ma'auni na gida, mai karanta shi na buro, ranar Illela kuwa ba ta jiran sa hannun kowa.

Duk da haka Uwani ta ƙare sanyin nan ko atishawa ba ta yi ba, ƙurjin zafi ma babu.

Da za a zaɓi shugaban iyayen yara a lakwal, wato makarantar boko, Sarkin Ɗari ya ga kujera ta yi masa daidai. Ya miƙe gaban taro, ya tsayar da yarinyar kusa da shi, tana naɗe kamar dami.

"Ku dubi kimiyya! A Beljik yaro albasa ne, ɓawo kan ɓawo. Ku kuna sakin ɗiyanku da riga guda kamar awaki, sannan ku cika asibiti da kuka. Wata ukku ɗiyata na cikin riga biyar. Wa ya taɓa jin tarinta?"

Maza suka jinjina kai. Wanda bai je ba, ba ya musu da wanda ya je.

Sai Hawa'u mai ƙosai, maƙwabciyarsa, ta gyara zama.

"Mushe, gaskiya ɗiyarka lahiya gare ta. Ko da yaushe tana fitowa gidanka zaurena taka shiga, ta tuɓe huɗu, ta tai wasa da ɗiyana. Iska ta taso in sa mata guda, rana ta yi in cire. Da marece mu maida mata kayanta."

Sarkin Ɗari ya juya ga Uwani. Uwani ta dubi ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Amma kwat ɗin nan, Mushe, a yaba ma Beljik," in ji Hawa'u. "Tun da kazata ta fara kwanci bisa shi, ko mura ba ta yi ba."