Layin Inna a Gwangwanin Ƙusoshi

"Ina kwana, tsohon miji? Ashe har yanzu kana numfashi?"

Jikar ta tsallake tarin katako ta shiga shagon kakanta kafinta. Wata biyar ke nan da rasuwar kakarta, Inna. Tun ranar, tsohon ya cire layin wayar marigayiyar, ya naɗe a auduga, ya rufe a gwangwanin ƙusoshi, wai kar ya lalace.

"Ni zan binne ki, mummunar amarya. Me kika zo ci?"

"Layin Inna na zo karɓa, kuma ba na fita sai da shi."

"Ko ƙamshinsa ba za ki ji ba. Hutawa yake."

"Hutawa? Jiya na je ofishin kamfanin. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce layin da ya daɗe ba a mora ba rufe shi suke, su ba wani lambar. Saura kwana tara."

"Ƙarya kike, mai kan tulu! Abu yana hannuna, ta taga za su shigo su ɗauka?"

"Guntun roba kake gadi, tsoho. Lambar tana wajensu. So kake wata rana ka kira Inna, wani ƙaton mai facin taya ya ce maka, 'Wa ke magana?'"

Tsohon ya ajiye zarto. Jikar ta san kullum da safe yana kiran lambar nan, ko da a kashe take. Ta sha jin sa ta bayan ƙofa.

"To ai ina kiranta," ya ce a hankali. "Wannan bai ishe su ba?"

"Kana kiran auduga! Sai an sa shi a waya, ya kama sabis, ya yi kira da kansa. Gobe kuma mu je a mayar da rajistar layin da sunanka, ka dangwala yatsa."

"Yatsan da katako ya cinye? Na'urarsu ba za ta gane ni ba."

"Goma gare ka. In duk suka ƙi, mu cire maka takalmi."

Ya yi dariya har da tari. Ya buɗe gwangwanin, ya miƙa mata audugar da hannu biyu.

"Kin ci, 'yar nema. Amma ni za ki fara kira."

Ta sa layin a wayarta, ta danna lambarsa. Aljihunsa ya ɗauki ƙara. Ya ciro wayar, ya ƙura wa sunan Inna da ya fito ido.

"Ɗauka mana, Kaka."

"Ke, yi min shiru. Bari ta ƙara kira kaɗan."