Rasuwar Gwaggo, Tsohuwar Jitar Gidan Nongsiej

"Mei, tunda Gwaggo ta mutu, na gaji ɗakinta ke nan, ko za a mayar da ni inda bango yake tsiyaya?"

Dahun ce ta jefo wa uwarta tambayar, 'yar shekara biyar, a tsakiyar falo, gaban masu gaisuwa, bakinta cike da biskit. Ubanta ya sunkuyar da kai, abokansa suka shiga kallon rufi. Uwarta, Kong Ibari Nongsiej, ta ga in ta buɗe baki kuka ne zai fito, shi ya sa ta zauna ta rubuta wannan sanarwa.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da idanun da suka manta kamannin barci, gidan Nongsiej na unguwar Mawlai a Shillong yana sanar da dangi, 'yan coci da dukkan makaɗan gari rasuwar Gwaggo, tsohuwar jitar lantarki ta Bah Pynshai, mijin Kong Ibari (a garinmu Bah ake ce wa namiji, Kong kuma mace, don girmamawa). Ta cika ranar Alhamis da rana tsaka, a kan rufin kwano.

An haifi marigayiyar a Amurka tun ba a haifi uban Bah Pynshai ba. Ta ƙetaro teku, ta ci ƙuruciyarta a otal-otal ɗin Kolkata a hannun makaɗan jaz, ta tsufa a ƙarƙashin gadon wata gwauruwa, har ranar da Bah Pynshai ya ɗauko ta a jirgin ƙasa, ita a kan kujera, shi a tsaye. Mai tudun ƙirji ce, cikinta rami, launinta na zuma, da tsaga biyu masu lanƙwasa inda murya ke fitowa. Ko an haɗa ta da lasifika ba ta ɗaga murya. Dum, dum-dum, a hankali, kamar dattijuwa tana rarrashin jika. Kong Ibari ba za ta ɓoye ba: wannan muryar ce ta fara tsayar da ita a bakin tagar Bah Pynshai, ita ce kuma take kwantar da Dahun tun tana ciki. Duk mai cewa ba ta son marigayiyar, ƙarya yake yi.

Aibinta ɗaya, ba ta jure danshi, a garin da ruwan sama ba ya neman izinin kowa. Gidan da Kong Ibari ta gada wurin uwarta, da yake ita ce auta, kuma a al'adarsu 'yar auta ce ke gadon gida, ɗaki ɗaya tak ke da bushewa, na sama. Nan aka sauki Gwaggo da ƙannenta, sauran jitocin Bah Pynshai, da ƙwan lantarki yana ci musu dare da rana don ɗumi. Dahun kuwa tana ɗakin ƙasa, wanda bangonsa ya jingina da dutse.

Rashin lafiyar ba a jikin Gwaggo ya fara ba, a ƙirjin Dahun ya fara. Da damina ta kankama yarinyar ta koma shaƙar iska kamar mai busa usur. Likita ta cire abin awo daga kunne ta ce, "Kong, ƙirjin 'yarki ba soso ba ne. Ki fitar da ita daga ɗakin nan, ko ki saba da hanyar asibiti." Bah Pynshai yana Guwahati wajen kiɗan biki. Kong Ibari ba ta jira kowa ba, ta hau da gadon Dahun sama, ta sauko da jitoci ƙasa.

Kafin ya dawo fumfuna ta yi wa akwatin Gwaggo fari fat. Hankalin Kong Ibari ya tashi. Sai ga rana ta ɓullo, unguwa ta fito da katifu, barguna, takalma, kowa yana shanya a kan rufinsa. Ita ma ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi wa duk abin da ya yi fumfuna. Ta hau da Gwaggo kan kwano cikin baƙin akwatinta, ta rufe shi ruf don kada tsuntsu ya ɓata ta. Tana wanke shinkafa ta ji kalmar marigayiyar ta ƙarshe: ƙas! Sai wani dogon tuuun, sai shiru.

Da Bah Pynshai ya dawo ya buɗe akwatin, sai ya juyo ya dubi matarsa.

"Ibari, kin gasa ta."

"Shanya ta na yi."

"A rufe? A kan kwano? Ko busasshen kifi ai ana juya shi."

Bah Kyrshan mai gyara ya zo ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa, ya cire hula. Tsohon gam ya narke, wuya ya rabu da jiki, ƙirji ya tsage. Ya ce zai iya haɗa ta ta yi kyan gani, amma murya ta riga ta tafi.

Ta rasu ta bar ƙanne uku, da lasifika mai yawan tari, da Bah Pynshai wanda tun ranar shayi kaɗai ke wucewa ta maƙogwaronsa.

Ta kuma bar abokai, kuma su ne damuwar. Kong Ibari tana zuba musu shayi da hannunta, tana jin su. "Bah, mayar da ƙannen sama kafin su bi yayarsu. Yarinya ai sai a ƙara mata bargo." Wani ma cewa ya yi akwai jita mai kama da Gwaggo sak a Kolkata, zai tambayo masa. A gaban gawa! Gidan nata ne, kowa ya sani, magana ɗaya za ta yi a wuce wurin. Amma ba ta son 'yarta ta tashi tana ganin ƙwace ɗakin aka yi daga hannun ubanta. So take ya amsa da bakinsa.

Da safen nan ya hau sama. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya karkatar da kai yadda yake yi in yana saita tsirkiya, yana sauraren numfashin Dahun. "Babu usur," in ji shi. "Tsaf take fita." Ya ɗauko sukudireba ya fara kwance ƙugiyoyin jita daga bango. Bai gama ba. Saura biyu, kuma Kong Ibari ta san mijinta: kalma ɗaya daga aboki ta isa ta mayar da sauran.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma. Ba za a binne ta ba, za a rataye ta a falo babu tsirkiya, inda kowa zai gan ta. Ƙofa a buɗe take, akwai jan shayi da goronmu mai jan baki. Kada a kawo furanni, suna tayar wa Dahun tari. Mai son yin gaisuwar gaske ya zo da katako, ƙusa da ƙwan lantarki, a haɗa wa marayun kabad mai ɗumi a falo.

Kai kuma mai karatu, in kana cikin masu yi masa raɗa, saurara da kyau. Zo ka sha shayi, ka yi kukanka, ka tafi. Amma ka kuskura ka ambaci Kolkata, ko ɗakin sama, ko ƙarin bargo, to ka tuna rufin kwanon yana nan, rana za ta sake fitowa, kuma yanzu Kong Ibari ta san abin da take yi wa jita. Taka ma ta san inda kake ajiye ta.