Ƙahon da Ya Wuce Mai Shi

Wani kafinta ne ya ɗauki son kiɗa ya ɗora wa kansa. Ya haɗa akwatin lasifika da hannunsa, tsayinsa ya kai firji. Ranar da ya fara kunna shi, sai da tukwanen matarsa suka yi rawa a kan kantar ɗaki. Mai gidan da suke haya, wani dattijo da ɗakinsa ke kallon tagarsu, ya fito da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya ce, "Kafinta, na sake jin ko ƙis daga ɗakin nan, ka nemi wani gida."

"An gama, Baba."

To amma akwatin bai cika ba. Saura twita, ɗan ƙaramin lasifikar nan mai fitar da siririyar murya, da ƙahon da ake ɗaura mata a baki. Ya tafi shagon mai gyaran rediyo. Mai gyara ya jera masa ƙaho uku a kan tebur.

"Wannan zagayayye, sautinsa na tsakiya ne. Wannan mai faɗin baki, watsa sauti yake ko'ina, har maƙwabta su samu rabonsu."

"A'a, rufa mini asiri! Wancan dogon fa?"

"Shi ba ya watsawa. Wuri ɗaya yake nufa, kamar tocila."

Kafinta ya buga cinya. "Shi ke nan! In saita shi a kan kujerata, ni kaɗai in sha kiɗana, Baba na barcinsa."

Ya dawo gida yana ta murna. Ya ɗaura ƙaho, ya ja kujera ya zauna dab da akwatin, a gefe, don hannunsa ya riƙa kai wa maɓalli. Ya kunna. Ganga na ta dukan ƙirji a hankali, amma siririyar murya shiru.

Ya ce, "Gajere ne. Uwargida, miƙo mini mazurarin manki."

"Da me zan zuba mai?"

"Ke dai kawo."

Ya yanke mazurari ya haɗa. Shiru. Ya ƙara murya. Ya ciro bututun ruwan bayan ɗaki ya ƙara. Ƙaho ya yi tsawo har ya rasa wurin zama, sai kafinta ya ɗora bakin ƙahon a kan taga. Ya murɗa maɓalli har ƙarshe.

Matar na tsaye bakin ƙofa tana kallon tsakar gida. Ta ga kajin Baba sun watse. Ta ga kyanwa ta haura katanga ba ta ko waiwaya ba. Ta ga labulen ɗakin Baba yana karkarwa, alhali babu iska.

"Maigida..."

"Shhh! Kamar na fara jin wani abu."

"Da dai ka leƙa waje."

"Ke, aikin kunne ake yi, ba na ido ba."

Bai rufe baki ba aka banko ƙofa. Baba ne, matashin kai biyu manne a kunnuwansa, idanu jajur.

"Kashe! Kashe abin nan!"

Kafinta ya kashe, ya tsaya yana kallonsa da mamaki. "Baba, wai ji kake yi?"

"Ji? Ina kwance sai na ji kamar ana wasa wuƙa a cikin kaina! Haƙorina na roba sai da ya faɗo!"

"Allah Baba? Har da ƙarar ƙarfen nan, tsin-tsin-tsin?"

"Har numfashin mawaƙin nake ji!"

"Daga kan gado, ko daga bakin ƙofa?"

"Daga kan gado mana! Daidai kunnena na hagu!"

Kafinta ya juya wurin matarsa, fuska cike da fara'a. "Kin ji ko? Na gaya miki hannuna ba ya kuskure." Ita dai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Baba ya jefar da matashin kai. "Ba hira na zo ba. Ku tattara naku ya naku ku bar mini ɗakin nan yau!"

Kafinta ya ce, "Ai dama tashin ya kama mu, Baba, tunda a ɗakinka sautin yake sauka. Yaushe za ka fitar da gadon in kawo kujerata?"