Dalar Yelwa Ya Je Wara

Allah ya yi wa Yelwa baiwa biyu, kifi da Dakta Jalaluddeen. Kifi yana da lokacinsa, amma Dakta rani da damina zuba yake yi. Shi ne masanin tarihin tsohuwar Masar, wanda ya taɓa zuwa kwas Alƙahira ya dawo da hoto a gindin dala, da wata jar hula da ko wajen alwala sai da lallashi take sauka. 'Yan acaba suna ce masa Dalar Yelwa. Sunan yana masa daɗi, don bai taɓa tsayawa ya tuna gawa ake ajiyewa a cikin dala ba.

Babban abin tinƙahonsa shi ne abotarsa da Dakta Maliki, masanin al'adun al'umma, wanda suka yi jami'a tare. Maliki ya tare a Wara yana tattara labarun tsofaffin Gungawa da ruwan Kainji ya cinye wa garuruwa. Yelwa zuwa Wara ba wata tafiya ba ce, kuma kowa na da waya, amma Dakta ya haramta kira.

"Waya ta 'yan tireda ce," in ji shi. "Manyan masana wasiƙa suke yi, don 'yan baya su sami abin bugawa."

Haka direbobin tasha suka zama 'yan aiken ilimi. Maliki zai rubuto cewa ya ji wata waƙar masunta mai ban tausayi. Dakta zai amsa da shafi takwas cewa daga bakin Nilu aka kwaso ta. Kwale-kwale daga Masar, taru daga Masar, har tuwon shinkafa ma ana kan bincike. Wasiƙunsa yakan yi musu kwafi ya adana a jakar fata. Na Maliki kuwa yakan bi su da yatsa, inda ya ga sunansa ya tsaya ya yi murmushi.

Wata damina Maliki ya rubuto layi kaɗan, rubutun duk a karkace. Ya ce ciwo ya kwantar da shi, yana son ya ga fuskar abokinsa. Abin ya taɓa zuciyar Dakta ƙwarai, har ya zauna ya rubuta masa bayani mai zurfi kan yadda Fir'aunoni suke shanya gawa. Ya karanta wa mutanen majalisa kafin ya aika, ya kuma share hawaye saboda kyan jimlolinsa.

Daga nan amsa ta ɗauke. Wannan bai dame shi ba, don gangarsa ba ta buƙatar mai amshi. Sai da ya tashi buga littafin wasiƙun ya tuna bango yana son hoton masana biyu. Ya ɗauki mai hoto, ya sha babbar riga, sai Wara.

A zauren gidan ya tarar da wani ramammen mutum kwance kan tabarma, an lulluɓa masa zane. Ga haske mai kyau daidai wurin.

"Bawan Allah, ɗan gusa can, nan za mu ɗauki hoto. In kana iya tashi, shiga ka ce wa maigidan amininsa na ƙut-da-ƙut ya iso."

Rakiya, matar Maliki, ta fito da kwanon kunu, ta ji maganar, ta tsaya cak. Dakta ya ci gaba da bayyana wa mai hoto cewa shi da ganin haɓar busasshiyar gawa yakan gane ko ɗan wane sarki ne.

Mutumin ya ɗago kai da ƙyar, ya daɗe yana kallon jar hular. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi kunun daga matarsa.

"Maliki ba shi ganin baƙi, ranka shi daɗe," ya ce. "Ka koma Yelwa ka rubuto mishi."