Robobin Akori-Kurar Babanmu

Ranar da zan manna wa tsohuwar akori-kurar Babanmu robobin ado a gefe da gefe, sai da na shafe jikinta da man gyaɗa don ta yi sheƙi. Wanda ya sayar mini da robobin a Gezawa ya so ya yi mini bayanin yadda ake manna su, na ce masa ba yau na fara ganin gam ba.

Bayan kwana biyu roba ɗaya ta ɓace, washegari wata ta bi ta. Na yi nazari, na tsayar da zargina kan maƙwabcinmu Malam Sule, don shi kaɗai ya shafa su yana cewa sun yi kyau. Na daina gaishe shi, na kai ƙara wurin Mai Unguwa.

Muna zaune gaban dattawa sai ga wani manomi da robobin biyu, ya tsinto su a hanyar gona. Mai Unguwa ya shinshina ɗaya, ya dube ni.

"Malam, ƙosai ka soya a jikin motar?"

Ashe gam ba ya zama a kan mai. Na ba Malam Sule haƙuri, ya ce ya wuce. Amma har yau in na zo giftawa da motar, sai ya ɗaga hannuwa sama: "Ku shaida, jama'a, ban taɓa ba!"