Tawul ɗin Mango da Kawun Amaryata

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata Dapaong, can arewacin Togo, ba, amma ya kamata in fara da faɗin iyakar abin da na sani. Madogarata biyu ce: abin da na riƙe a kaina, da abin da matata Rakiya ta tuna mini. Ni na ce da damina ne, ita ta ce ruwa ya riga ya ɗauke. Mun dai yarda cewa shekarar da na gama jami'a ce, saura 'yan makonni a ɗaura mana aure a garinmu Sokode.

Wasu ƙananan ƙuraje ne suka fito mini a matsematsi, suna zafi. Ban taɓa kusantar mace ba (na faɗi wannan don cikar bayani, ba don alfahari ba), amma na tuna na taɓa aron tawul a wani masauki a garin Mango. Na duƙufa a waya ina karanta duk abin da aka rubuta kan cutar herpes ta al'aura, har na yanke wa kaina hukunci: na kamu, kuma zan shafa wa 'yar mutane. Ko dai in tabbatar, ko in nemi a ɗaga auren.

A Sokode babu asibitin da zan shiga ban gaisa da ɗan Zongo, unguwarmu ta Hausawa, ba. Saboda haka na shiga mota zuwa Dapaong, inda a lissafina babu wanda ya san ni.

Likitan da na samu yana sanye da takunkumi. Na jero masa bayani da Faransancin jami'a, ya saurara, ya ce in sassauta wando. Da ya gama dubawa, sai ya koma Hausa.

"Ango, tun daga Sokode?"

Ya sauke takunkumin. Kawu Sale ne, ƙanin mahaifiyar Rakiya, wanda ya karɓi goron gaisuwarmu da hannunsa. Mutumin da ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Jikina bai yi shawara da ni ba: na durƙusa in gaishe shi, wando yana gwiwa.

"Tashi ka ɗaure, ɗana," in ji shi. "Gaisuwar ta iso."

Bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce cutar ta haɗuwar fata da fata take wucewa, da wuya ƙwarai tawul ya ɗauke ta. Ya ce ƙurajen sun fi kama da na aski da gumi, amma ba zai rantse ba, domin gwajin da ya fi inganci daga ruwan sabon ƙurji ake ɗauka, nawa kuwa sun bushe ina can ina karatu. Gwajin jini ma ba zai faɗi abin da ya kawo waɗannan ba.

"In sun dawo, ka ga likita a ranar, ba bayan ka sauke littafi ba. Abin da aka yi a ɗakin nan kuma, a nan zai kwana."

Ba su dawo ba. An ɗaura aure, Kawu ya yi mana addu'a, bai ko ƙifta mini ido ba. Har gobe ina gode masa. Na kuma koyi cewa ɗan Zongo ba ya guje wa idon sani da kuɗin mota.

Sai dai akwai abin da ban warware ba. Bayan biki surukata ta aiko mini da kyauta ni kaɗai: sabon tawul, babba, babu wani saƙo. Rakiya ta rantse ba ta san komai ba sai da na gaya mata da bakina. Kawu kuwa ba zan iya tambayarsa ba.

Shin ya faɗa wa yayarsa, ko kuwa tawul ne kawai?